Rawar Mai Takaba

Ku da kuke biye da ni a wannan shafi, na ga saƙonninku. Wasu na ba ni haƙuri, wasu na tambayar wane leshi na zaɓa na biki. Ku ajiye zancen leshi. Abin da zan faɗa muku yau babu daɗi a cikinsa, kuma ba zan zuba masa sukari ba, don sukari ne ma ya kawo mu inda muke.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Basira. Mu biyu ne da mahaifiyata a ciki da falo, a wani gidan haya bayan Titin Bauchi a nan Jos. Babana ya rasu farkon damina, hawan jini ya kayar da shi a rumfarsa ta dankalin turawa, ko asibiti ba a kai ba. Ya bar Umma da takaba, ni kuma ya bar ni da maganar aure a rataye. Mai nemana sunansa Ashraf, yana gyaran waya a kasuwar Terminus. Magabatansa sun zo tun Baba na raye, aka tsaya a kan sai Umma ta fita takaba a sa rana.

Umma tana da ciwon sukari tun ina firamare, amma bai taɓa kwantar da ita ba. Kullum da ƙafa take zuwa Terminus inda take kasa kayan yaji, da ƙafa take dawowa. Ba ta san magani take yi wa kanta ba, ita dai ba ta son a matse ta a keke mai ƙafa uku.

Ranar sadakar uku, Gwaggo Tabawa, yayar Baba da ke zaune a Kuru, ta shimfiɗa tabarma a lungun bayan ƙofa ta ce wa Umma, “Nan ne wurinki.” Ba kwalli, ba turare, ba lalle. Wannan mun sani, addini ne. Sai Gwaggo ta ƙaro nata: ba dariya, ba ɗaga murya, ba leƙa tsakar gida sai in banɗaki za a je.

“Ku ba ku ji sunan ba ne?” in ji ta. “Takaba. Ba a taka ba ke nan. Zama ake yi.”

Umma ta zauna. Hijabi ruwan ƙasa, tsohon zani mai duhu, carbi a hannu. Maƙwabta da dangi suka yi ta aiko da tuwo da masa da kunun gyaɗa, tana ci don kada a ce ta raina. Ba a daɗe ba ƙafafunta suka cika kamar an hura, har silifas ya daina shiga. Ta ce ji take kamar ta sa safa mai kauri, a ƙarƙashin safar kuma tururuwa na yawo.

Da kuka da magiya na fitar da ita asibiti, sai da limamin unguwa ya aiko cewa lalura ta halatta fita. Likitan, Dakta Pam, ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

“Mama, ina kike zuwa da ƙafa yanzu?”

“Banɗaki.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ni ban ce ki karya takaba ba. Amma ki taka, ko a cikin ɗaki ne, kullum, har ki yi gumi. Ƙafar da ba ta motsi, jini yakan yi fushi da ita. In jini ya daina zuwa, mu ake kira, kuma ba allura muke zuwa da ita ba.”

Maƙwabciyarmu ta ɗakin kusa, Maman Kamsi, Inyamura ce mai shagon kayan masarufi. Tun ina goye take gidan. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta. Da ta ji abin da likita ya ce sai ta shigo da wayarta tana haki.

“Mama, ba wahala! Ni ma ina yi tun na haifi Kamsi. Kana tsaya wuri ɗaya, kana tafiya, ba ka zuwa ko’ina.”

Umma ta ce, “Tafiyar da ba a zuwa ko’ina? Maman Kamsi, ai wannan sai mai taɓin hankali.”

“To ni mahaukaci ne, amma duba ƙafana.”

Ta nuna mana. Wata mata ce ta ƙasar waje, baƙa, mai jiki kamar Umma, tsaye a falonta da wasu tsofaffi a bayanta. Da farko a taka ƙasa a hankali, kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Sai taku ɗaya dama, ɗaya hagu. Sai a ɗaga gwiwa kaɗan. Sai a miƙa hannu sama kamar mai shanya wanki. Ba tsalle, ba gudu. Wanda ya gaji ya dafa kujera.

Wayata ba ta da data mai ɗaukar wannan. Da Ashraf ya zo zance da yamma, cikin farar shaddarsa mai ɗinkin tazarce yana ƙamshin turare, na ba shi labari. Ya karɓi wayar ya tafi da ita shago. Washegari ya dawo da ita, ya sauke bidiyon masu farawa, ya tara su wuri guda, da hannunsa ya rubuta musu suna: Lafiyar Umma. Har ya turo min saƙo daga baya: “Uwarki uwata ce. In ta warke ni na ci riba.”

Ku riƙe wannan saƙon. ’Yan mata, ku musamman. Rubutu a waya ba ya da nauyi, kowa ma zai iya ɗaga shi.

Bidiyon yana da kiɗa. Umma ta ce kiɗa ba zai tashi a ɗakin da aka fitar da gawar mijinta ba. Na kashe sautin. Amma in ba sauti sai ta rikice, matar na dama ita tana hagu. Sai na ce bari in riƙa tafa mata a hankali, tana bin tafin. Don tsoron Allah muka kashe kiɗa. Da mun bar shi ma da ya fi mana.

Haka muka riƙa yi kowace safiya bayan an karya. In jingina wayar da flas ɗin shayi a kan tebur, in ture kujera gefe, in saki labule. Da farko ko’ina ba ta kaiwa take zama tana cewa gwiwarta. A hankali ta fara kai ƙarshe. Kumburin ya saɓe, silifas ya koma shiga, tururuwar ta ragu. Ta fara barci. Wani lokaci Maman Kamsi takan shigo ta tsaya bayanta tana yi tana cewa, “Ɗaga, Mama, ɗaga! Malamin waya yana kallonka!”

Ranar da abin ya faru Asabar ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi irin na Jos mai shiga ƙashi. Duk da haka Umma ta yi gumi, ta cire hijabin ta rataye a ƙusa, daga ita sai shimi da zani, ɗankwali ya zame baya. Wajen takun gefe ta yi kuskure ta hankaɗe bokiti, ya gangara ƙarƙashin gado. Sai ta tuntsire da dariya. Tunda Baba ya rasu ban ga haƙoranta ba sai ranar. Ni ma na ƙara ƙarfin tafi ina cewa, “Umma ci gaba, ci gaba!”

Abin da ke faruwa a tsakar gida a lokacin, daga baya Maman Kamsi ta faɗa min da bakinta tana kuka. Tana wanki a bakin famfo sai ga Gwaggo Tabawa ta shigo, tare da Hajiya Marka, mahaifiyar Ashraf, wadda ta ɗauko kular abinci ta zo gaishe da mai takaba.

Gwaggo ta ce, “Maman Kamsi, ya mai zaman namu?”

Ita kuwa ta washe baki. “Ah! Mama yana lafiya sosai! Tun da oga ya mutu bai yi kyau kamar yanzu ba. Kowane safe yana rawa. Basira yana tafa masa, shi yana rawa. Ku shiga ku gani!”

Ba ta da wata kalma sai wannan. Motsa jiki, atisaye, duk rawa ce a Hausarta. Kuma a wurinsu in babba ya mutu har rawa ake yi a wajen binne shi, girmamawa ce. Albishir ta ga ta yi musu.

Labule ya ɗaga. Umma hannu biyu a sama, gwiwa a ɗage, baki buɗe da dariya, kai babu rufi. Ni a gefe ina tafi.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un!” Gwaggo ta dafe ƙirji, ta kira Umma da sunanta. “Asabe! Ƙasar kabarin ɗan’uwana ba ta bushe ba kike cashewa?”

“Yaya, ba rawa ba ce, tafiya ce. Likita ne…”

“Tafiya zuwa ina? Gidan uban wa? Ga ki a wuri ɗaya kina karkaɗa jiki, ’yarki na miki tafi! Har arna sun sani, mu ne ba mu sani ba!”

Na ce, “Gwaggo, Maman Kamsi ba arniya ba ce, Kirista ce, kuma taimako ta yi. Ga wayar ki duba.”

“Rufe min baki, mara kunya. Ke ce makaɗiyar ai.”

Hajiya Marka kuwa tana tsaye cikin leshinta ruwan toka da mayafi mai duwatsu, ta dubi Umma daga sama har ƙasa, ta dubi wayar da matar ke ta taka ƙasa ba sauti, ta dube ni. Ta ajiye kular a bakin ƙofa, ba a ciki ba. Ta ce, “Allah ya ji ƙan Malam,” ta juya.

Kafin la’asar zance ya kai Terminus. Kafin Juma’a ya kai Kuru ya dawo da ƙari: wai da kalangu aka same mu, wai Umma ta ce ta huta, wai dama akwai wanda ke jiran ta fita. Mutanen da ba su taɓa tambayar yadda ƙafarta ta kwana ba, su ne suka fi kowa kishin Baba. Ina faɗa muku, mai yaɗa abin da bai gani ba, da shi da mai yanka mutum da wuƙa, bambancinsu shi mai wuƙa yana ganin jinin.

Na yi ta kiran Ashraf bai ɗauka ba. Sai saƙo.

“Hajiya ta ce in janye. Ta ce ’ya tana gadon uwa.”

Na rubuta: “Ka faɗa mata kai ka sa mana bidiyon.”

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar. Can sai: “In na faɗa za ta ce an shanye ni. Ki gane mana.”

“To me kake so?”

“Umma ta daina kawai. Gwaggo ta shaida ta daina. Ni zan lallaɓa Hajiya. Saura kaɗan ta fita takaba, in ya so ta yi ta tafiyarta har Bukuru.”

“Likita ya ce kullum.”

“Basira, likita ba Allah ba ne.”

Ban san Umma na tsaye a kaina ba. Ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta iya karanta fuskata. Ta ce in karanta mata. Na ƙi. Ta ce, “Na haɗa ki da nonon da kika sha.” Na karanta.

Ta koma lungun bayan ƙofa ta gyara tabarmarta, ta sa hijabi, ta ɗauki carbi.

“Na daina.”

“Umma, ƙafarki fa.”

“Ƙafata ta yi tafiyarta ta gama. Taki ce ba ta fara ba. Ba zan zama sanadin da za a ce ’yar Malam ta rasa miji ba.”

Gwaggo ta kwaso kayanta a baƙar leda daga Kuru ta tare a falonmu, wai gadin mutuncin ɗan’uwanta. Ko miƙa Umma ta yi sai ta ce, “A’a, an fara?” Maman Kamsi ta zo har ƙasa ta durƙusa tana cewa, “Gwaggo, bakina ne ya yi kuskure, ba rawa ba ne, exercise ne.” Gwaggo ta ce ko da Turanci aka faɗa rawa rawa ce, kuma kada ta ƙara tako mana ɗaki.

Na roƙi Umma a ɓoye, ko a banɗaki ne ta ɗan taka. Ta ce ta yi alkawari, mai takaba ba ta ƙarya. Kumburin ya dawo, ya wuce na da. Ta daina maganar tururuwa. Na ɗauka sauƙi ne. Ashe ƙafar ce ta daina ji gaba ɗaya.

Sai ga saƙon Ashraf, da hotunan zuciya jere: “Albishirinki. Hajiya ta huce. Gwaggo ta ba ta labari mai kyau. Gobe da hantsi zan kawo ta da kaina ta ga Umma, a wuce wurin.”

Gwaggo ta sa na share ɗaki na goge, na canza labule, na soya wainar fulawa. Ni na sa atamfata shuɗiya da Ashraf ke so. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Har hoda na shafa.

Da safen na kawo wa Umma ruwan ɗumi a roba, don sanyi ya hana ta zuwa famfo. Kwana biyu tana alwala a ɓoye, tana rufe ƙafa da safar Baba. Na durƙusa na ja safar dama. Ta riƙe hannuna. Na fizge.

Wari ne ya fara dukana. Babban yatsan ya yi baƙi kamar an tsoma a tukunyar rini. A ƙarƙashinsa ƙaramar ƙusa ce irin ta takalmi, ta shige har kai, naman gefen ya ruɓe. Ba ta san ranar da ta taka ta ba.

“Umma!”

“Yi shiru.” Ta ja safar ta mayar. “Rufe. Bari su zo su tafi tukuna. Gobe ma rana ce.”

“Tun yaushe kika gani?”

“Basira, na ce gobe.”

Gwaggo ta leƙo. Na nuna mata. Ta ɗan ja baya ta toshe hanci, amma ta ce, “A sa toka da man shanu. Baƙi na hanya za ki fitar da mai takaba titi? So kike a ce yawo ta koma?”

Na dubi tiren wainar, na dubi atamfar jikina, na dubi safar Baba da ta fara jiƙewa. Sai na fita tsakar gida na ƙwala kira, “Maman Kamsi! Tsayar mana da keke!”

Mu biyu muka ɗaga ta, hannu ɗaya a wuyana, ɗaya a wuyan Maman Kamsi. Matar da ke zuwa Terminus da ƙafa ta dawo da ƙafa, ga shi daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai jan ta muke. Safar ta zame a hanya, ba wanda ya tsaya ɗauka. Gwaggo na bayanmu tana cewa, “In kika fita da ita kin kashe aurenki da hannunki!”

Muna kaiwa ƙofa mota ta tsaya. Ashraf ne a gaba cikin shadda ruwan madara, Hajiya Marka a baya. Ya fito da murmushi, murmushin ya tsaya a rabi da ya ga ƙafar.

Hajiya ta sauke gilashi. “Ina kuma za a da mai takaba?”

Ban gaishe ta ba. Allah ya yafe min, amma ban gaishe ta ba. Na ce, “Ashraf, faɗa wa Hajiya wanda ya sa mana rawar a waya. Faɗa mata sunan da ka rubuta.”

Ya dubi uwarsa. Ya dubi makullin da ke hannunsa. Ga mota, ga mara lafiya, ga ƙofar motar da ba ta fi taku biyu ba. Ya buɗe baki ya ce, “Basira, ba a nan ba.”

Maman Kamsi ta yi tsaki ta ce wa mai keke, “Oga, matso nan, abeg.”

A cikin keke Umma ta jingina kanta a kafaɗata, kowane rami muka faɗa sai ta runtse ido. Ta ce, “Na so in riƙe miki shi.”

Na ce, “Umma, abin da sai an ba da ƙafa ake riƙe shi, bar shi ya tafi.”

Dakta Pam ya daɗe sunkuye a kan ƙafar. Ya danna sama da yatsan, ya ƙara matsawa sama, yana tambaya ko tana ji. Ta ce a’a. Ya ƙara sama. A’a. Sai wajen idon sawu ta ce ta ɗan ji.

Ya cire safar hannunsa ya ce, “Wa ya ce ta daina tafiyar?”

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na leƙa. Ashraf ne, farkon saƙon kawai ya fito a kan gilashi: “Na faɗa wa Hajiya gaskiya, ta ce…” Na kife wayar a kan cinyata.

Likita ya ce, “Yau za a shiga da ita ɗakin tiyata. Za mu yi ƙoƙari mu tsaya a yatsan. Ban yi alkawari ba.”

Maman Kamsi ta fashe da kuka tana cewa bakinta ne, bakinta ne. Umma ta miƙa hannu ta kamo nata ta riƙe. Sannan ta gyara hijabinta ruwan ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi likita ido cikin ido.

“Likita, in an tsaya a yatsan,” ta ce, “zan iya komawa rawar?”